Yadda Ake Bin Diddigin Kalmar Turanci da Rassan Ma'anoninta: Misalin Kalmar Class

Duk shekara, idan na karɓi sababbin ɗalibai masu koyon fassara, aikin farko da nake ba su shi ne su binciko mini asalin kalmar Turanci guda ɗaya, wato class, su kuma jero ma'anoninta. Na zaɓe ta ne domin babu wanda ya taɓa zama a makarantar boko da bai san ta ba, kuma wannan sanin da suka yi mata tun suna yara shi ne yake yaudararsu. Abin da mafi yawansu suke kawowa bai wuce layi biyu ba: kalmar ta fito daga Latin, ma'anarta aji. Bayan mako biyu sai ka ga ɗayansu ya fassara working class da "ajin aiki", wani kuma ya ci karo da classified documents a labarin wata shari'a ta Amurka ya rubuta "takardun da aka kasa aji-aji", alhali kuwa takardun sirri ake nufi. Wanda ya bi kalmar daga tushe har zuwa rassanta, ya kuma san wane reshe ya riga wane fitowa, da wuya ya yi irin wannan kuskure, don haka ga yadda nake so a yi aikin.

Mataki na farko: a tara jimloli kafin a taɓa ƙamus

Kada ka buɗe ƙamus tukuna. Ka ɗauki kwana uku ko huɗu kana tsintar jimlolin da kalmar ta fito a ciki, daga jarida, da takardar jarrabawa, da tikitin jirgi, da sharhin wasanni, da duk inda idonka ya faɗa, har sai sun kai ashirin. Kowace jimla a rubuta ta a katinta daban, a sa inda aka samo ta da shekara a ƙasa. Ni dai ban yarda a yi wannan a waya ba, domin nan gaba za ka buƙaci ka baje katunan a tebur ko a tabarma kana matsar da su da hannu, kuma ba sai ka sayi kati ba, tsohuwar takarda da aka yanka gida huɗu ta wadatar. Da irin waɗannan 'yan takardu James Murray da mataimakansa suka haɗa babban ƙamusun Oxford, miliyoyinsu, a cikin wata rumfar kwano da ya kafa a harabar gidansa.

Idan ka yi tsintar da kyau, za ka tarar da physics class, da class of 2019, da first class degree, da business class, da middle class, da world class, da class action, da Class A drugs, da she has class. Tun a nan za ka fara jin cewa kalmar aji ba za ta iya ɗaukar wannan kaya duka ita kaɗai ba. Ka raba katunan tsibi-tsibi bisa yadda kunnenka ya ba ka, ko da za ka sauya daga baya.

Mataki na biyu: a san ƙamusun da ake riƙe da shi

Ƙamus iri biyu ne ga mai wannan aiki, kuma rashin bambance su ya kai ɗalibai da yawa ƙasa. Ƙamusun masu koyon Turanci, irin wanda kusan kowa ya riƙe a sakandare, yana fara jero ma'anar da aka fi amfani da ita a yau, saboda haka za ka ga ajin makaranta a sama. Ƙamusun tarihi kuwa yana bin shekaru, yana kawo jimlolin da aka samu a rubuce tare da shekarar kowace. Uban wannan rukuni shi ne babban ƙamusun Oxford da ake taƙaitawa da OED, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884, ba a kammala ba sai 1928, bugunsa na biyu na 1989 kuma juzu'i 20 ne. Ɗalibin da ya ɗauki jerin ƙamusun masu koyo a matsayin jerin tarihi, ya riga ya saki hanya tun bai yi nisa ba.

Shiga OED ta intanet sai da kuɗin rajista, kuma da kuɗin waje ake biya, abin da ba zan ɗora wa ɗalibi ba. Idan laburaren jami'ar da ke kusa da kai yana da bugun takarda, ka je ka kwafe shafin da hannu, wuni guda ya isa. In ba haka ba, shafin Online Etymology Dictionary kyauta ne, rubutu ne zalla, ba ya cin data, kuma yana ba da shekaru. Wiktionary yana da amfani wajen nuna maka inda za ka dosa, amma tunda kowa yana iya sa hannu a cikinsa, ba na karɓar sa a matsayin hujja daga ɗalibi.

Layin asali a ƙamus gajere ne, cike da taƙaitattun alamu. Harafin L yana nufin Latin, F Faransanci, OF tsohon Faransanci, ƙaramin c a gaban shekara yana nufin wajajen wannan shekara, alamar tauraro a gaban kalma kuma tana nufin ba a taɓa ganin kalmar a rubuce ba, masana ne suka ƙiyasta siffarta. Wadda ɗalibai suka fi haɗiyewa ita ce perhaps, ko taƙaitawarta. A kan classis, wasu ƙamusoshi suna danganta ta da aikatau na Latin calare, wato yin kira ko shela, wanda shi ne kuma tushen kalmar calendar, amma suna yin haka ne da "wataƙila", domin akwai masana Latin da ba su gamsu da wannan dangantaka ba. Idan ƙamus ya ce wataƙila, kai ma ka rubuta wataƙila. Haka nan shekarar da ka gani a gefen ma'ana ita ce ta rubutu mafi tsufa da aka samu zuwa yanzu, kuma mutane kan daɗe suna faɗin kalma a baki kafin wani ya rubuta ta.

Mataki na uku: a shiga gidan da kalmar ta fito

Cewa "ta fito daga Latin" rabin magana ne, domin a Latin ɗin ma kalmar ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Ka nemi ƙamusun Latin na Lewis da Short, wanda ya fito a 1879 kuma yana nan kyauta a intanet, ka duba classis. Ba sai ka iya Latin ba, bayanin da Turanci yake.

Abin da za ka fara tararwa shi ne ƙidayar Rumawa. Bisa ruwayar marubutansu, sarkin Rum na shida, Servius Tullius, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 578 da 535 kafin Miladiyya, shi ya kasa mazan birnin gida biyar gwargwadon dukiyarsu, kowane gida ana kiransa classis. Marubucin tarihi Livy ya ce gida na farko na masu dukiyar da ta kai as 100,000 ne, as kuwa kuɗin tagulla ne na Rumawa, na biyu 75,000, na uku 50,000, na huɗu 25,000, na biyar 11,000. Masana tarihi sun lura cewa waɗannan alƙaluma na zamanin baya ne aka mayar kan Servius, tunda ba a fara buga irin wannan kuɗi a zamaninsa ba, amma tsarin kansa shi ne abin dubawa. Kowa shi yake sayen kayan yaƙinsa: ɗan gida na farko yana fita da kwalkwali da garkuwa da sulke da mashi da takobi, ɗan gida na biyar kuwa majajjawa da duwatsu ne makaminsa. Da wannan rabo ake kuma kaɗa ƙuri'a, rukuni-rukuni, masu dukiya ne suke farawa, kuma idan suka haɗa kai da mahaya dawaki ƙuri'unsu sun rinjayi na sauran. Waɗanda ba su kai ko gida na biyar ba ana ce musu proletarii, daga proles, wato 'ya'ya, domin ba su da abin da za su ba birnin sai haihuwa.

Ma'ana ta biyu ita ce rundunar yaƙi, musamman ta jiragen ruwa, kuma a Latin na zamanin daula wannan ce ma'anar da aka fi ji. Rundunar Rumawa da ta yi tsaron mashigin Birtaniya a wancan zamani sunanta Classis Britannica. Kusa da birnin Ravenna na Italiya akwai wuri da har yau ake kira Classe, domin nan ne tashar jiragen yaƙin Rumawa take a da. Ma'ana ta uku kuma, wadda ɗalibai suke mamakin tsufanta, ita ce ta makaranta: Quintilian, malamin balaga na ƙarshen ƙarni na 1 Miladiyya, ya ba da labarin yadda malamansa suke kasa yara zuwa classes su sa su gasar iya magana. Ka yi wa kowace daga cikin ukun nan kati, da tawada mai launi daban.

Mataki na huɗu: a jera rassa bisa shekaru

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ni kaina na taɓa faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa na rubuta wa ɗalibai takardar darasi inda na ce kalmar classic, wadda ake yi wa fitaccen littafi laƙabi da ita, ta samo asali ne daga class na makaranta, wato littafin da ya cancanci a karanta shi a aji. Maganar ta yi mini daɗi a kunne, ban kuma duba ko'ina ba. Na buga kwafi sittin da kuɗin aljihuna, na ajiye su a teburin ɗakin malamai. Wani dattijon malami, wanda ya yi Latin a sakandare tun zamanin da ake koyar da shi, ya ɗauki kwafi ɗaya yana shan shayi, ya karanta, ya zaro jan biro daga aljihun gaba ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, sannan ya ce da ni, "Malam, wannan a wace shekara aka fara faɗin ta haka?" Na ce, "Baba, ai a fili take." Ya ce, "To, abin da yake a fili ma yana da shekara." Washegari ya kawo mini wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu, ya buɗe mini inda ya sa alama.

Abin da ke wurin shi ne labarin da Aulus Gellius, marubucin ƙarni na 2 Miladiyya, ya bayar game da wani zama da aka yi a gaban Fronto, malamin sarki Marcus Aurelius. Gardamar ma ta nahawu ce ƙarama: shin kalmar harena, wato rairayi, tana da jam'i ko ba ta da shi. Fronto ya ce da su su je su bincika ko wani daga cikin magabata ya taɓa amfani da jam'in, amma ya kasance marubuci classicus, ba proletarius ba. Ka ga aron magana ne kai tsaye daga ƙidayar Servius: marubuci ɗan gida na farko, mai dukiyar da za a dogara da ita, ba talakan marubuci ba. Gellius ɗin ya bayyana a wani wurin cewa 'yan gida na farko kaɗai ake kira classici. Daga nan kalmar ta bi ta Faransanci a ƙarni na 16 ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17. Gaskiya ne daga baya zancen makaranta ya shafe ta, tunda waɗannan marubutan su ake karantawa a azuzuwan Turai, amma reshen ya fito ne daga rabon dukiya. Kwafi sittin ɗin nan sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da biro.

Hanyar kauce wa wannan ita ce ka zana bishiya a babbar takarda, ka sa classis a gindi, kuma kada ka ja layi daga wata ma'ana zuwa wata sai kana da abu biyu a hannu: shekarar da ta nuna wannan ta riga waccan, da jimlar da ke tsakani, wadda za a iya fahimta ta fuska biyu. Idan babu jimlar tsakani, a ja layin da ɗigo-ɗigo.

Game da shigarta Turanci, shaida mai kyau ita ce ƙamusun Thomas Blount na 1656, wanda ya tara kalmomin da ake ganin suna da wuya a lokacin. Ya kawo ma'anar jiragen ruwa, ya kawo ta kasa mutane bisa darajarsu, sannan ya ce a makarantu aka fi amfani da ita. Abu biyu za ka karanta daga nan: a tsakiyar ƙarni na 17 kalmar baƙuwa ce har tana buƙatar bayani, kuma reshen makaranta ne ya fara kama ƙasa. Reshen jiragen ruwa bai yi tsawon rai a Turanci ba. Tarko yana nan kuwa, domin za ka ga ana cewa Nimitz class a kan manyan jiragen yaƙin Amurka, zuciyarka ta ce maka ga ma'anar Latin ta dawo. Ba ita ba ce. Abin da ake nufi shi ne jiragen da aka ƙera bisa zane ɗaya, aka sa musu sunan na farkonsu, wato ma'anar nau'i ce, kuma daidaituwarta da tsohuwar ma'anar katari ne kawai.

Reshen kimiyya ya sake shigowa ne ta wata ƙofar. Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, da Latin ya rubuta tsarinsa na rarraba halittu a 1735, ya sa classis a matsayin ɗaya daga cikin manyan matakai, ƙarƙashinsa ordo da genus da species. Ya kasa tsirrai classis 24, dabbobi kuma shida, a bugun 1758 ne ya raɗa wa masu shayarwa suna Mammalia. Darasin da ke nan shi ne kalma ba sau ɗaya take shiga harshe ba, musamman idan harshen da ta fito yana nan a hannun malamai suna rubutu da shi. Daga wannan ma'ana ta rarrabewa aka samu classify da classification a ƙarshen ƙarni na 18. Classified na sirri kuwa ɗan ƙarni na 20 ne: gwamnatoci suna kasa takardunsu matakai bisa girman sirrin da ke ciki, har ya zama idan aka ce an sa takarda a mataki, kowa ya san an hana ganinta. Tallace-tallacen jarida da ake kira classified suna nan a kan tsohuwar ma'anar, tunda an jera su ne fanni-fanni, gidaje daban, motoci daban. Ƙaramin jikan wannan reshe shi ne class na masu rubuta manhajar kwamfuta, wanda ya fito a harshen Simula 67 da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka tsara a birnin Oslo a 1967.

Reshen da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne na matsayin mutane a al'umma. Ganin cewa da shi aka fara a Rum, sai su ɗauka da shi aka fara a Turanci. Turawan Ingila sun daɗe suna amfani da rank da order da estate da degree idan suna zancen manya da ƙanana, kuma class ba ta ƙwace wannan fage ba sai tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, lokacin da masana'antu suka cika garuruwa da ma'aikatan albashi, aka fara jin middle class da working class. Tsofaffin kalmomin suna nuna matsayin da aka haifi mutum a ciki, sabuwar kuma tana nuna inda sana'a da dukiya suka ajiye shi. A 1848 Karl Marx da Friedrich Engels suka mai da fafutuka tsakanin waɗannan rukunoni ginshiƙin fahimtar tarihi, suka kuma yayata kalmar da ta fito daga proletarii na Rumawa, masu 'ya'ya ba dukiya. Wannan reshe ya iso har Kano, domin sanarwar Sawaba da jam'iyyar NEPU ta fitar a watan Agusta na 1950 ta yi amfani da class struggle wajen bayyana saɓanin da ke tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa.

Saura reshen daraja. Jami'ar Oxford ta fara kasa sakamakon jarrabawar digiri matakai a farkon ƙarni na 19, jiragen ƙasa kuma suka kasa taragunsu gida uku. Kamfanin jirgin ƙasa na Midland ya soke taragu masu daraja ta biyu a 1875, wasu suka bi sahu, har aka shafe shekaru jiragen Birtaniya da yawa suna da ta ɗaya da ta uku babu ta biyu, sai a 1956 aka sauya wa ta uku suna ta koma ta biyu. Da first class ta zauna a bakin mutane da ma'anar mafi kyau, sai aka yar da first ɗin, class ita kaɗai ta koma nufin nagarta da iya ɗaukar kai, aka kuma samu classy a ƙarshen ƙarni na 19. Ka lura da cewa abin da ya faru da classicus a Rum shi ya sake faruwa a Ingila bayan fiye da shekara dubu da ɗari biyar, sunan rabon gaba ɗaya ya koma na gidan sama, ba tare da wannan ya kwaikwayi wancan ba.

Idan kana so ka ga tashin wata ma'ana da idonka, akwai Google Ngram Viewer, kyauta ne, yana zana yawan fitowar kalma a littattafai shekara-shekara. Kada ka sa class ita kaɗai, domin ba ya bambance ma'ana. Ka sa working class ko first class. Sannan a littattafan da aka buga kafin wajajen 1800 akwai dogon harafin s mai kama da f, na'ura kuma takan karanta kalmar a matsayin clafs, saboda haka sai ka nemi wannan siffar ma, in ba haka ba za ka ɗauka kalmar ba ta nan a ƙarni na 18. Wani ɗalibi ya taɓa gina babi guda a kan wannan giɓin.

Mataki na biyar: a kori baƙin haure

Kama da wane ba wane ba ne. Glass da clash ba dangin class ba ne, ko da sun yi kama a kunne. Duk labarin da ya ce tsohuwar kalma ta samu ne daga haruffan farko na wata jimla, ka yi watsi da shi har sai an nuna maka takarda. 'Yan makaranta suna raha cewa class tana nufin come late and start sleeping, wannan kowa ya san wasa ne, amma na ga manya sun yarda cewa posh ta fito daga port out, starboard home da wai ake bugawa a tikitin attajirai masu zuwa Indiya ta ruwa, alhali ba a taɓa samun tikiti ko ɗaya mai wannan tambari ba. Kada kuma ka ce ma'anar asali ita ce ta gaskiya, sauran gurɓata ne. Wanda ya ce business class ba rundunar jiragen yaƙi yake nufi ba, kuma bai yi kuskure ba.

Mataki na shida: a dawo da katunan Hausa

Yanzu ka koma kan tsibin katunanka na farko, ka rubuta Hausar kowanne a bayansa. Na makaranta aji ne, ko darasi idan zaman karatun ake nufi. Class of 2019 na Amurkawa 'yan shekarar kammalawa ɗaya ne. Digiri mai daraja ta ɗaya muke cewa, haka ma sarki mai daraja ta ɗaya, rabon da ya samo asali tun zamanin Turawa. A dambe da kokawa aji ya zauna daram, ajin masu nauyi. A nahawu akwai azuzuwan kalmomi, kuma da wannan kalmar masana harshe suke bayyana yadda Fulatanci yake kasa sunaye gidaje da yawa, inda Hausa take da jinsi biyu kawai. Class action ƙarar haɗin gwiwa ce da mutum ɗaya ko kaɗan suke shigarwa a madadin jama'a masu koke iri ɗaya. Class A drugs na dokar Birtaniya ta 1971 miyagun ƙwayoyi ne na rukunin farko, waɗanda hukuncinsu ya fi tsanani. Working class kuwa ni na fi son a ce ma'aikata masu cin guminsu, ko talakawa idan zancen siyasa ne, ko da yake talaka a Hausa kishiyar mai sarauta ne tun asali, don haka a auna jimlar kafin a sa shi.

She has class ita ce mai daɗi, domin Hausar yau tana da mace mai aji, tana da jan aji. Ɗalibai sukan yi tsalle su ce wannan aro ne daga Turanci. Dokar mataki na huɗu tana aiki a nan ma: ka duba ƙamusun Hausa na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Jami'ar Bayero na 2006, ka ga abin da kowanne ya kawo a ƙarƙashin aji, ka nemi jimla mai shekara daga jarida ko littafi, sannan ka ja layi.

Wajen rubuta rahoton, shafi biyu sun isa: bishiyar a shafi ɗaya, jimla ɗaya mai shekara ga kowane reshe a ɗayan, kuma a bar kowane "wataƙila" a inda aka same shi. Wanda ya gama da wannan kalma ya ɗauki category a mako mai zuwa, wadda a Girkanci take nufin tuhumar mutum a bainar jama'a kafin masanin falsafa Aristotle ya mai da ita sunan manyan rukunonin tunani guda goma, ko ya ɗauki genre da gender tare, tunda duka biyun daga genus na Latin suke, kuma masana da dama suna ganin jins na Larabci, wanda ya ba mu jinsi, daga genos na Girkanci aka aro shi. Katunan da suka rage daga aikin farko za su isa.